Kwana uku a faluka, daga Aswan zuwa inda iska ta ga dama

Sati biyu kenan da dawowata Alƙahira amma har yanzu in na kwanta na rufe ido sai in ji kamar katifar tana lilo da ni. Na ce bari in rubuta labarin nan tun bai bi ruwa ba, don waɗanda suka ga hotunan da na sa a WhatsApp sun ɗauka hutun sarauta na je na yi. An ji daɗi kam, ba zan yi wa Allah butulci ba, amma an sha sanyi an kuma sha jira.

Abokina da muke ɗaki ɗaya shi ya tsiro da maganar. Mun gama jarabawar zangon farko ƙarshen Janairu, kowa kansa ya yi zafi, sai ya ce mu je Aswan, can kudancin Masar, mu hau faluka mu biyo Kogin Nilu kwana uku. Faluka ita ce jirgin ruwan nan nasu na gargajiya wanda ba shi da inji, iska ce kawai take tura shi. Ni kuwa ko iyo ban iya ba, ruwan da ya wuce gwiwa ba na shigarsa. Na ce masa malam ruwa fa ba sa'an kwando ba ne, ya ce ai ba a kwando za mu shiga ba. Haka dai ya yi ta yi har na yarda.

Jirgin ƙasa na dare muka hau daga tashar Ramsis, kujerar zama muka yanka ba ɗakin kwana ba saboda yanayin aljihu. Tafiyar ta kusa kilomita 900, mun yi wajen awa 14 a zaune, ba abin ba da labari sai sanyin esi da mai shayi da ke ta kai-komo. Abu ɗaya dai nake so ku riƙe: da gari ya waye mun tsaya a Edfu, muka tsaya a Kom Ombo, kuma daga Edfu zuwa Aswan jirgin bai cika awa biyu ba. Wannan ɗan tsakanin shi muka biya kuɗi za mu dawo ta ruwa a kwana uku.

Aswan ta burge ni tun daga bakin tasha. Tun zuwana Masar ban taɓa shiga garin da ba wanda ya waiwayo ya kalle ni ba sai nan, saboda Nubiyawa baƙaƙe ne kamar mu, har wani tsoho ya tare ni da yarensu yana ta zuba, da ya ga na yi zuru sai ya fashe da dariya ya koma Larabci. Amma da ka sauka titin bakin kogi to ka shiga hannu, taku biyar wani ya ce maka faluka, taku biyar wani ya ce faluka. A nan muka gamu da wanda ya ɗauke mu, dattijo ne siriri da farar jallabiya da ɗan rawani, kowa Rayis yake ce masa, haka ake kiran duk mai jan jirgi a can. Mun zauna ciniki a kan wani benci ya fi awa ɗaya, da shayi kofi biyu-biyu. Kuɗin da ya fara faɗa a fam ɗin Masar, wanda su suke ce wa gine, sai da muka zaftare kusan rabinsa, kuma duk wanda zai je ya tambaya dalla-dalla: abinci yana ciki? ruwan sha fa? bargo nawa kowa zai samu? wa zai biya takardar 'yan sanda? Mun yi da shi rabi yanzu rabi in mun sauka. Da na tambaye shi a ina zai sauke mu sai ya ce "Edfu, in iska ta yarda." Na ɗauka irin in sha Allahun nan ne na bakin 'yan kasuwa. Ashe da gaske mutumin yake.

Mun kwana a wani ɗan otal mai araha bayan kasuwa, da safe muka kai masa kofen fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama. Ba a barin faluka ta bar Aswan da baƙi ta kwana a hanya sai da izinin 'yan sanda, su rubuta sunan kowa da inda za a je. An ce ƙarfe 9 za a tashi, takarda ba ta fito ba sai bayan 11.

Mu shida ne fasinja: ni da abokina, ɗalibai biyu 'yan Indonesiya, sai wani tsohon Bajamushe da matarsa. Ma'aikata biyu, Rayis da ɗan ƙanwarsa, saurayi ɗan shekara kamar 18 wanda shi ne kuku, shi ne mai hawa sama, shi ne mai faɗawa ruwa in ta ɓaci. Jirgin kansa bai fi taku goma sha biyu ba. An shimfiɗa katako daga gefe zuwa gefe an jera katifu an rufe da zanen gado, nan ne falo nan ne ɗakin kwana nan ne wurin cin abinci. Jakunkuna a ƙarƙashin katakon suke, in kana son buroshinka sai ka tashi mutum biyu. A sama akwai rumfa ta yadi, gajera ce, ba ka miƙewa tsaye sai dai rarrafe, kwana uku muna rarrafe kamar yara. Takalma tun a bakin shiga ake tara su a kwando. Ba wuta, ba banɗaki. Can gaba akwai wani ɗan ƙuƙumin ɗaki inda yaron yake ajiye risho mai gas da tukwane, can baya kuma Rayis a zaune da wani dogon itace da yake juya jirgin da shi, wani lokaci da hannu wani lokaci da ƙafa yana shan shayi. Sai uwa uba ƙaton zanen nan mai kusurwa uku da ke kama iska, su shira'i suke ce masa, an ɗaure shi a jikin wata doguwar sanda da ta fi jirgin kansa tsawo, duk faci ne a jikinsa in ka matso kusa.

Abin da ban gane ba sai da muka tashi shi ne, Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, iska kuma kusan kullum daga arewa take busowa kudu. Mu arewa muka nufa, wato ruwa yana tare da mu iska tana gaba da mu. Don haka ba a miƙewa sak, sai dai a yanka kogin a karkace zuwa gaɓar gabas, a juya a yanko zuwa ta yamma, kamar ƙoshiyar masaƙi, kowace yanka ka ɗan ci gaba kaɗan. In za a juya Rayis zai yi wata 'yar tsawa, zanen ya kaɗa fat-fat ya koma ɗaya gefen, jirgin ya kwanta ta wancan ɓangaren, duk abin da ba a riƙe ba ya gangara. Juyin farko na ƙanƙame katako ina salati, yaron yana ta dariya yana cewa "ma tkhafsh ya sheikh", wai kar in ji tsoro. Kafin la'asar har na iya ɗaga kofin shayina da kaina in na ji tsawar. Bajamushen nan ya ce min ai a rubutun Fir'aunoni ma in ana nufin tafiya kudu jirgi ake zanawa da zanensa a buɗe, in arewa ce sai a zana shi ba zane. Ka ji fa, matsalar tamu ta shekara dubbai.

Mun wuce tsibirin Elfantin da kaburburan da aka sassaƙa a jikin tudun yashi na yamma, gari ya fara ja baya. Gaba kaɗan akwai babbar gada da ta ƙetare kogin, sandarmu ta fi ta tsawo, sai da yaron ya sassauta igiyoyi aka kwantar da ita muka sulale ta ƙasa kamar mai shiga ƙofar zaure da gora a kafaɗa.

Rigimar farko ta sallah ce. Azahar ta yi muna tsakiyar ruwa, alƙibla a can wajen gabas take ta ɗan karkata kudu, amma jirgin da ke juyawa duk minti goma ina za ka tsayar da fuska? Abokina da 'yan Indonesiyan nan suka buɗe littafi a ka, su Shafi'iyya mu Malikiyya, wannan ya ce a yi a zaune wancan ya ce ba a zama tunda ana iya tsayuwa, aka shiga maganar ko wajibi ne ka juya in jirgi ya juya. Rayis yana jin su bai ce uffan ba, can sai kawai muka ji gaban jirgi ya soki yashi. Ya ce "ya mashayikh, ga ƙasa nan." Muka sauka muka yi ƙasaru muka haɗa da la'asar, shi ya ja mu ma, kuma karatunsa ya fi na wasunmu.

Tunda na ambaci sauka bari in faɗi abin da kowa yake tambayata a ɓoye. Banɗaki dai gaɓar kogi ce. Ka gaya wa Rayis, ya nemi wuri ya raɓa, ka ɗauki buta da 'yar fartanya ka shiga bayan dabinai. Matar Bajamushen ana kafa mata ɗan tanti. Matsalar ita ce bakin Nilu ba daji ba ne, gona ce, duk inda ka ga kore to na wani ne kuma yana kusa. Rana ta biyu na samu wani lungu tsakanin ayaba da rake na ce alhamdulillah, ban gama tsugunawa ba sai ga wani manomi a kan jaki ya ɓullo, ya yi min cikakkiyar sallama har da wa barakatuhu, ya ƙara da "itfaddal shai", wai in zo mu sha shayi. Wallahi ban san amsar da na ba shi ba.

Abinci kuwa yaron nan gwani ne, a risho ɗaya yake komai yana tsugune jirgi na tangaɗi. Safe wake ne da suke ce wa ful da ƙwai da cuku, da wani burodi mai kauri na kudancin Masar, aish shamsi, wanda a rana ake shanya ƙullinsa ya kumbura kafin a gasa. Rana shinkafa da miyar kuɓewa ko ta lalo wadda su suke kira mulukiyya, dare miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, mai zafi da taliya. Zoɓo kuma kamar ruwa, karkade suke ce masa, da zafinsa suke sha in an yi sanyi. Har goruba sun jiƙa mana muka sha, Bajamushiyar tana ta tambaya wannan wane irin abu ne, na ce Hajiya wannan tun ina yaro nake fama da ita da haƙori. Kwanuka a kogi ake wankewa, ruwan sha kuwa na roba ne a cikin kula.

Faluka ba ta tafiyar dare, doka ce. Rana na faɗuwa Rayis ya raɓa wani tsibiri, yaron ya yi tsalle da guduma ya kafa turken ƙarfe ya ɗaure jirgin kamar akuya, sannan ya haye sandar nan ba takalmi ya naɗe zanen. Suka zagaye rumfar da yadi don tare iska. Duk da haka sanyin da na sha a daren nan ban taɓa shan irinsa ba. Da rana har gumi muke, amma wajen ƙarfe uku na dare sanyi ta ƙasa yake shigowa, ta cikin katako ta cikin katifa, bargo biyu da rigar sanyi da safa biyu kamar ban sa komai ba. Ga manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido masu hawa huɗu-biyar da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan, su suna tafiya da dare, fitilu tar da kiɗa, in ɗaya ya wuce sai ka ƙirga kamar minti ɗaya sannan igiyar ruwansa ta iso ta jijjiga mu, tukwane su yi ta ƙara. Da asuba kiran sallah ya taso daga ƙauyukan gaɓa biyu a lokaci ɗaya, wannan na amsa wancan a kan ruwa, ga hazo kwance a saman kogin. Alwala da ruwan Nilu a wannan lokaci sai mai imani.

Rana ta biyu iska ta ɗauke ɗif. An buɗe zane ya rataya kamar wanki. Rayis ya kalli sama ya ce "mafish hawa", wai ba iska, ya kwanta ya rufe fuska da rawaninsa. Ruwa ne kawai yake jan mu a hankali, wani lokacin ma jirgin a gicciye yake tafiya, akwai wata bishiyar mangwaro da na yi awa guda ina kallonta ba mu wuce ta ba. Ni da na saba komai da agogo abin ya fara cina, ina ta duba taswira a waya ina lissafin kilomita har cajin ya mutu, fawa bankin abokina ma ya bi shi. Daga nan sai kallo. Balbelu a kan wasu baƙaƙen shanu masu kama da ɓauna da suke ce wa jamusa, injin ban ruwa yana tuk-tuk-tuk, yara a kan jaki da ɗaurin ciyawar barsim. Masunta biyu a ɗan kwalekwale, ɗaya na tuƙi ɗaya na dukan ruwa da doguwar sanda don ya kora kifi cikin raga, muka sayi karfasa a hannunsu tana motsi. Abin mamaki koren nan siriri ne, wani wurin ka jefa dutse ya wuce shi, bayansa kuma yashi da duwatsu ne kawai ba ko ciyawa.

'Yan Indonesiyan suka ce za su yi wanka. Na ce kada fa? Rayis ya ce kadoji suna can bayan babbar madatsar Aswan a Tafkin Nasir, nan ƙasa babu. Abin da ya hana su shi ne shiga gefen da ruwa ke kwance cikin ciyayi, saboda tsargiya, ya ce in za a shiga a shiga inda ruwa ke gudu a riƙe igiya. Ni dai ƙafa kawai na tsoma.

Maganar madatsar ce ta buɗe bakin dattijon. Babbar madatsar Aswan an fara gina ta 1960 aka gama 1970, zamanin Jamal Abdul Nasir, ruwan da ta tara ya haɗiye garuruwan Nubiyawa, aka kwashe dubban mutane a 1963 da 1964 aka kai su sababbin gidaje a wajen Kom Ombo, nesa da kogi. Ya ce dangin mahaifiyarsa suna cikinsu, mutanen da suka buɗi ido a bakin ruwa da dabinansu aka kai su inda sai ka hau mota kafin ka ga Nilu. Bai zagi kowa ba, ya ce madatsar ta kawo lantarki ta hana ambaliya, amma kuma taɓon da kogi ke kawo wa gonaki duk shekara yanzu a can baya yake kwanciya, shi ya sa ruwan yake garau haka manoma kuma sai da takin zamani. Ya yi shiru, sannan ya ce wa yaron ya ɗora shayi. Da dare a bakin wuta suka ɗauko bandiri suka yi waƙoƙinsu da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma amshin yana da sauƙi, har Bajamushen ya kama.

Kafin daren dai sai da muka ga ta kanmu. Bayan la'asar iskar da muke roƙo tun safe ta zo gaba ɗaya, jirgin ya kwanta har ruwa na lasar bakin katako, Rayis ya miƙe tsaye ya danne itacen da ƙugunsa yana ce mana kowa ya koma gefen sama. Muna cikin gudu sai ji muka yi ƙurrr daga ƙasa, jirgi ya tsaya cak muka zube a kan juna. Lokacin sanyi ana rage ruwan da ake saki daga madatsa, kogin ya ja baya tudun yashi su taso, ɗaya muka hau. Akwai wani faffaɗan ƙarfe da ke sauka ta tsakiyar jirgin cikin ruwa don kar iska ta tura shi gefe, yaron ya janye shi sama da sauri, ya tuɓe riga ya faɗa ruwa iya ƙirji ya sa kafaɗa, Rayis na tokarawa da gora, mu kuma an tara mu a gefe ɗaya kamar buhuna. Sai da aka yi kusan rabin awa. A wannan hargitsin butata ta faɗa ruwa, ina kallonta tana tafiya arewa abinta, ita kam na tabbata ta isa Edfu.

Rana ta uku da hantsi muka tsaya Daraw, garin da ake kasuwar raƙuma da ake kawowa daga Sudan, ba ranar kasuwa ba ce sai 'yan tsiraru muka gani a ɗaure da ƙafa ɗaya a naɗe. Muka ƙara ruwan sha da burodi, muka ɗan sa caji a shagon wani mai shayi. Daga nan Kom Ombo ba nisa, lokacin yankan rake ne, taraktoci da 'yan ƙananan jiragen ƙasa duk sun yi lodi sun nufi kamfanin suga. Tsohon gidan bautar garin a bakin ruwa yake daram, ya haura shekara 2000, an raba shi gida biyu iri ɗaya sak, ɓangare ɗaya na gunkinsu mai kan kada Sobek ɗaya na Horus mai kan shaho. Katin ɗalibi ya yi mana rana, rabin kuɗi muka biya. A gefe akwai ɗakin da aka jera gawarwakin kadoji da suka busar tun wancan zamani, wasu sun fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne wata rijiya mai matakala da suke auna tashin kogi da ita, in ruwa ya hau sosai an san za a yi amfani sai a sa haraji daidai da haka. Na ce oh, mai karɓar haraji dai tun can ba ya barci.

Mun ƙara kwana a wani tsibiri gaba da Kom Ombo. Da safe Rayis ya zauna ya gaya mana gaskiya, ko rabin hanyar kirki ba mu wuce da yawa ba, Edfu sai an ƙara kwana biyu in ma an samu iska. Abokina ya so ya tada jijiyar wuya a kan cikon kuɗi, na ja shi gefe na ce mutumina tun a kan benci ya gaya mana, mu ne ba mu ji ba. Shi da kansa ma ya rage wani abu ba mu roƙa ba, muka haɗa wa yaron ɗan na goro. Ya sauke mu a wani ƙauye, ya ce shi yanzu komawa ba wuya tunda iska a bayansa take, in ta samu gobe war haka yana gida.

Muka hau tudu da jakunkuna ƙafafuna suna rawa kamar ƙasar ce ke motsi, muka tari wata 'yar bas a bakin titi. Direba ya ja mota, dabinai suka fara wucewa fiu-fiu, na riƙe kujerar gaba da hannu biyu na ce masa don Allah "ya usta", haka ake kiran direba a can, a rage gudu. Duk motar aka juyo ana kallona. Abokina ya leƙa mita ya ce malam ko 70 fa bai kai ba.